Uwayen Furen Dutse

Uwa ta farko ta mutu ranar Talata, ko kuma dai ranar Talata ce Auta ta yarda cewa ta mutu. Kwana goma ganyen yana rawaya tana cewa zafi ne, alhali ta fi kowa sanin zafi bai taɓa kashe furen dutse ba. Da ta sa shebur ta ɗago saiwar sai ga ta baƙa ƙirin, tana saɓulewa a hannu, ƙasar kuma jagab tana warin kwata. Wata huɗu rabon da a ga ko ɗigon ruwan sama. Wannan kusurwa ta lambun tudun tsakuwa ne da Babanta ya tara da baro tun kafin a haife ta, kuma tiyo ba ya kaiwa can.

Uwaye suke ce musu, su huɗu ne, kowace ta kai ƙirjin mutum. Daga jikinsu ake yankar rassan da ake kafawa a yashi su yi saiwa. Baba ne ya ɗauko asalinsu daga wani dutse yana saurayi, ya yi shekara da shekaru yana sabunta su, wannan ta tsufa ya tayar da 'yarta, ba tare da kowa ya taya ko ɗaya ba. Lokacin ruwa na zuwa a famfo, wa zai sayi daji ya kai gidansa? Ganye mai danƙo, fure mai yamutsa kamar takardar da aka dunƙule aka warware, ya buɗe da safe, kafin la'asar ya zube ƙasa, gobe wasu su fito. Mutane ciyawa kore shar suke so. To, yanzu famfon gari sai ya ga dama, rijiyar burtsatsen lambun tana tari kafin ta cika rabin tanki, kuma waɗanda suka yi wa Baba dariya su ne suke aiko direbobinsu a tambayo ko akwai shukar nan da ba ta shan ruwa. Sauran kayan lambun duk masu ƙishirwa ne, kwanansu ya ƙare. In lambun zai kai baɗi, a kan uwayen nan zai kai.

Auta kuwa ba don kanta kaɗai take riƙe da lambun ba. Shekararta arba'in da biyu, furfura ta fara leƙowa, amma sunan Auta ya ƙi sakinta. Tun rasuwar Innarsu gigin tsufa ya kama Baba. A gida yakan tsaya tsakar ɗaki yana neman ƙofar da ke gabansa, ya sa riga a bai-bai, ya tambayi ina Innar take sau biyar kafin a gama karin kumallo. Amma da zarar sun shigo ƙofar lambun sai ka ga mutum ya miƙe. Ya san kowace shuka da sunanta, ya san wadda kwari suka shiga tun daga nesa, har ya yi wa Auta faɗa a kan ta cika taki. Likita ya gaya mata ƙiri-ƙiri cewa a bar shi inda ya sani, domin abin da ya suɓuce masa ba dawowa zai yi ba. Yayanta, wanda ke aiki a wani gari mai nisa, ya daɗe yana son ya ɗauke shi ya kai gidansa na bene inda akwai mai kula. Auta ta ce sai dai bayan ranta.

Ta zaci bututu ne ya fashe a ƙarƙashin ƙasa. Ta leƙa ta shinge ta kira maƙwabcinsu Mai Walda, wanda shagonsa ke jingine da lambun shekara ashirin, kuma duk abin da ya lalace a unguwar shi ake kira ko da agogo ne. Ya zo ya tsuguna, ya dubi ramin, ya dubi tankin, bai taɓa komai ba.

"Ba bututu a nan, Auta. Ni na ja layin, na sani."

"To daga ina ruwan?"

Ya cire tabaraunsa na walda daga goshi ya shiga goge shi da gefen riga, abin da bai taɓa yi ba tun da ya saye shi. Mutumin da bakinsa ba ya hutawa, yau sai jan magana yake.

"Ni fa ba na son gulma. In kin fita kai kaya da rana, nakan hango Baba da garwa. Na ɗauka ke kika sa shi."

"Garwa ina?"

Ya nuna tudun da haɓa.

Ta ce ba zai yiwu ba, har da ɗan zafi, kamar ya zage ta. Ai da furen dutse Baba ya fara koya mata aiki tana 'yar shekara tara. Ta taɓa zuba wa wata uwa ruwa don tausayi, ya ƙwace bokitin ya ce mata wannan shuka tausayi ne ajalinta, kuma sai da ya kwana biyu bai yi mata magana ba. Mai Walda ya ce shi ke nan, wataƙila idonsa ne, walda ta cinye shi. Ya koma shagonsa.

Washegari ta ɗora kaya a mota ta ce wa Baba ta tafi, ta zagaya ta ajiye motar a bayan layi, ta shigo shagon Mai Walda ta zauna a kan wani tsohon batir tana kallon lambun ta wani rami a jikin kwanon shagon. Baba yana ƙarƙashin rumfar raga yana cire ciyawa a ledoji, hannunsa na tafiya da sauri yadda ta saba gani. Wajen ƙarfe uku iska ta ɗan motsa, furannin suka fara zubowa, fari da ruwan hoda, har tsakuwar ta rufe. Baba ya ɗaga kai. Ya tashi ya je ya tsaya a kansu, ya ɗauki ɗaya ya murza, ya girgiza kai irin na wanda ya kama yaran gida da sakaci. Sai ya juya ya ɗauki garwa biyu.

Nan ta gane abin da ya faru, kuma gara a ce ba ta gane ba. Duk ilimin yana nan a kansa, abu ɗaya tak ya fita, wato cewa furen dutse zubar da fure al'adarsa ce ta kullum. Abin da ya rage shi ne dokar shekara hamsin da ke cikin hannuwansa, cewa shuka in ta zubar da fure a rani ƙishirwa take ji. Ya yi sawu uku, ya zauna. Bayan minti ashirin ya sake ɗaga kai, ya ga furanni a ƙasa, ya sake girgiza kai, ya sake tashi. Auta ta ƙirga garwa goma sha huɗu kafin ta tashi ta nufe shi.

"Baba, sannu da aiki."

"Yawwa Auta, har kin dawo?"

"Baba, wa yake ba uwayen nan ruwa?"

Ya dube ta da mamaki na gaskiya. Ƙafar wandonsa sharkaf, garwar tana ɗiga a hannunsa.

"Ruwa? Wane mahaukaci ne zai ba furen dutse ruwa a rani? Ai kashe shi zai yi. Ban koya miki ba?"

"Ka koya mini, Baba."

"To ki sa ido. Mutanen yanzu ba su san aiki ba."

Ta karɓi garwar a hankali, ta ce zai sha shayi? Ya ce zai sha. Ta shiga ɗakin ajiya ta tsaya a cikin buhunan taki tana kuka ba sauti, sannan ta fito ta ɗora ruwan.

Daga nan aka shiga dabara, kuma ba dabarar da ba ta yi ba. Ta kulle garewani a ɗakin ajiya, Baba ya ɗebi ruwa da kwanon awon taki. Ta cire kan famfo ta sa a jaka, ya buɗe shi da filaya, domin hannuwan ba su manta komai ba. Ta rubuta a kwali da manyan baƙaƙe cewa kada a ba da ruwa, ta rataye a jikin reshe. Baba ya karanta, ya ce madalla da wanda ya rubuta, ya ɗaga kwalin don kada ya jiƙe ya zuba a ƙarƙashinsa. Ta riƙa share furannin kafin ya gani, amma ba lokaci ɗaya suke zubowa ba, kuma mutum ɗaya ba zai tsaya da tsintsiya tun azahar har la'asar ya kuma sallami masu saye ba. Mai Walda ya kewaye tudun da waya ya sa ƙofa, bai karɓi komai ba, yana cewa shi dai a sa masa suna cikin masu gadon lambun. Baba ya ɗauko tsani.

Wadda ta fi tsaya mata a rai ita ce ranar da ta rufe tankin gaba ɗaya da kwado. Ta dawo ta tarar da shi a zaune leɓensa ya bushe ya tsage, gorar ruwan shan da ta bar masa babu ko ɗigo. Bai sha ba. Ya miƙa hannu ta cikin wayar ya juye wa uwa ta biyu, kuma kwana tara bayan nan ita ma ta bi ta farko.

Ba a ciro furen dutse a sauya masa wuri, in an taɓa saiwar ya gama. Reshen dashe kuma ba ya kamawa sai fure ya ƙare sabon toho ya ɗan yi ƙwari, kuma wannan saura mako shida. Ƙananan da ke cikin leda tuni Baba ya shayar da su har lahira. Auta ta bi sawun waɗanda ta sayar bara, da ma wani ɗan kwangila ne ya kwashe su duka ya jera a tsakiyar sabon titi. Ta je ta tarar an gatanta su da taki da tankar ruwa kowace safiya, sai busassun ƙirare a tsaye. Ta zaga lambunan gari. Mutum biyu suka nuna mata wata shuka daban suna rantsuwa ita ce. Na uku yana da na gaskiya, amma irin da ake shigowa da shi daga ƙasashen sanyi ne, saiwar ta naɗe cikin leda, kuma da kansa ya ce mata in zafin nan ya tsananta ba ya kai wata biyu. Ta gode masa da ya faɗi gaskiya.

Saura dutsen. Ba ta taɓa zuwa ba, Baba kullum cewa yake wata rana zai kai ta, kuma ita ma kullum akwai aiki. Ta tambaye shi da safe a lambu, lokacin da kansa ya fi zama daidai, ya ce ai ko ido rufe zai kai ta. Suka ɗauki almakashi da jiƙaƙƙen buhu suka kama hanya.

Rabon da ta gan shi cikin nishaɗi haka har ta manta. Ya sa gwiwar hannu a taga yana ba da umarni, yi dama, miƙe, rage gudu akwai gada. Babu gada. Sau biyu yana kai ta inda hanya ta ƙare a gonar mutane, ya ce an canja wurin, ba haka yake ba. Ta tsaya tana tambayar masu tafiya ko sun san wani dutse mai farin fure mai ƙamshi, suna kallonta kamar ta tambayi hanyar wata duniya. Sai wajen azahar wata tsohuwa mai ɗauke da itace ta ce ta sani, suna yara sukan dawo da ƙamshinsa a zane, ta nuna musu hanyar da manyan motoci ke bi.

Rabin dutsen babu shi. An yanke shi tsaye, injuna na niƙa a gindinsa, farar ƙura ta rufe komai har ganyen itatuwan bakin hanya. Mai gadin wurin mutumin kirki ne, ya bar ta ta hau ta ɗaya gefen da ƙafa. Ta yi awa guda tana hawa tana dubawa, ƙaya ta yayyage mata zane, ba ta ga ko tushe ɗaya ba. Gefen da ke kallon rana, inda shukar ke so, shi aka fara ci. Da ta sauko ta tarar da Baba a mota ya ɗaga gilashi, nishaɗin ya tafi.

"Me muka zo yi nan, Auta? Wurin nan ba kyau. Mu koma lambu, akwai aiki."

Ta tayar da mota suka koma gari.

Uwa ta uku ta fara rawaya a makon da Yaya ya zo. Mai Walda ne ya buga masa waya, kuma bai ɓoye ba, ya ce wa Auta in za ta zage shi ta zage shi, shi dai ya gaji da ganin tana ramewa. Yaya ya shigo lambun da takalminsa mai sheƙi yana tsallake taɓo. Ba mugu ba ne, kada a ɗauki alhakinsa. Mutum ne dai da ya saba a kawo masa matsala a takarda ya sa hannu. Suka tsaya a bayan ɗakin ajiya inda Baba ba zai ji ba.

"Mako shida kawai, Auta. Ki yanki rassanki, na dawo miki da shi da kaina."

"Yaya, ka ji abin da likita ya ce."

"Na ji. To in ya kashe ta huɗun fa? Ki rufe lambu, sannan ki kai shi ina? Wurina dai zai dawo, kuma ba na mako shida ba."

"Zan bar shi a gida in kulle."

"Kin gwada?"

Ta gwada, kuma ya san ta gwada. Kwana biyu ta yi tana barinsa a gida da maƙwabciya. Ranar farko ya doki ƙofa har hannunsa ya fashe. Rana ta biyu ya fita ta baya, aka tsince shi a bakin babban titi ba takalmi yana tambayar masu mota hanyar wurin aikinsa.

"Ni ma ubana ne," in ji Yaya, muryarsa ta yi ƙasa. "Kada ki riƙa kallona kamar na zo sata."

Ta dubi tudun. Ramuka biyu, uwa ɗaya mai ciwo, ɗaya lafiyayya a can ƙarshe inda tsanin Baba bai cika kaiwa ba. Ta so a ce akwai wanda za ta tsana a cikin wannan magana, amma babu. Ta ce to.

Ba su gaya wa Baba gaskiya ba. Suka ce za a je duba jikoki a dawo jibi. Ya ƙi shiga mota sai da ya zaga lambun da Auta yana ba ta sallahu, wannan a rage masa rana, wancan kwari sun fara, a kula da ledojin gefen tanki. A gaban tudun ya tsaya ya ɗaga mata yatsa.

"Waɗannan kuma kada ki bari kowa ya matso da ruwa."

"Ba zan bari ba, Baba."

Ta ukun ba ta tashi ba, ruwan ya riga ya gama da ita. Ta huɗun Auta ta tone tsakuwar gindinta da hannu don iska ta shiga, ta bar ta da rana da ƙishirwa, abin da take so ke nan. A mako na biyu ganyen ya daina faɗuwa. Lambun ya yi shiru, aiki yana tafiya ba mai ɓatawa, kuma ta tsani yadda take jin sauƙin hakan. Kullum da yamma takan kira matar Yaya. Makon farko Baba yana tsayawa a bakin ƙofa da hularsa tun safe yana cewa zai makara. Mako na biyu ya ɓalle hannun taga. A na uku matar Yaya ta ce alhamdu lillahi ya kwantar da hankali, yana cin abinci, yana zaune a kujera ba ya damun kowa. Da murna ta faɗa, baiwar Allah, ba ta san abin da take faɗa ba. Aka ba shi wayar, Auta ta yi ta magana, shi kuwa sai "to" da "madalla".

Ta ce wa Yaya a dawo da shi. Ya ce saura mako uku, kada ta zubar da wahalar da aka sha. Ta je ta taɓa tohon, ya yi laushi, in ta yanka yanzu ruɓewa zai yi a yashi. Tana iya ɗaukar mota a ranar ta je ta taho da shi, ba wanda zai tare ta. Ta tsaya a gaban shukar da makullin mota a hannu, ta daɗe, sannan ta mayar da shi jaka. Wannan ita ta yi shi, ba Yaya ba, kuma ba ta taɓa ɗora wa wani ba.

Furen ya ƙare, tohon ya yi ƙwari. Ta yanka da sassafe kafin rana ta yi zafi, kowane reshe tsawon yatsa, ta zage ganyen ƙasa, ta kafa a yashi mai tsakuwa a ƙarƙashin rumfa, danƙon ya manne mata a yatsu har ya yi baƙi. Ɗari biyu da 'yan kai ta samu daga uwa ɗaya. Mai Walda ya leƙo ya ce yanzu kam ya ga gadon da zai ci. Ta yi masa murmushi don kada ya ji kunya.

Yaya ya cika alkawari, ranar Asabar da hantsi motarsa ta tsaya a ƙofar lambun. Auta ta share ko'ina, ta fito da kujerar Baba ta goge. Yaya ya zagayo ya buɗe masa ƙofa ya kamo hannunsa. Baba ya yi ƙiba kaɗan, fatarsa ta yi haske, an yanke masa farce tas. Rigarsa a goge, maɓallan duk a daidai, domin wani ne ya sa masa.

"Baba, sannu da zuwa. Sannu da hanya."

"Yawwa, sannu," ya ce, da ladabi.

Ta jira ya miƙe yadda yakan yi in ya taka ƙofar. Ya tsaya a inda aka tsayar da shi, hannuwansa a sake, yana kallon Yaya don ya ji abin da za a yi. Mai Walda ya fito da gudu yana goge hannu, ya durƙusa ya gaishe shi, ya ja shi da tsokanar da suka saba ta cewa tsoho ya gudu ya bar masa haya. Baba ya yi masa murmushin da ake yi wa baƙo mai surutu. Mai Walda ya tashi a hankali ya koma shagonsa, kuma ranar ba a ƙara jin ƙarar injinsa ba.

Auta ta kama hannun Baba ta bi da shi layi-layi. Ta nuna masa ledojin gefen tanki, ta ce ga su nan ta kula da su. Ta bi da shi ta gaban wata shuka da kwari suka ci rabin ganyenta, da gangan ta bar ta haka tun jiya don ya yi mata faɗa. Ya wuce ta. Yaya yana biye da su a baya yana ta cewa gajiyar hanya ce, zuwa gobe zai warware, har dai ya ji maganar ba ta da daɗi a bakinsa ya yi shiru.

A ƙarƙashin rumfa ta tsayar da shi gaban rassan da ta kafa, layi goma sha ɗaya, kowane a miƙe. Baba ya sunkuya kaɗan ya dube su. Auta ta tsaya a gefensa tana jira.

"Aikin nan da tsabta," ya ce. "Ke kika yi?"

"Ni na yi."

"Hannunki na da kyau, baiwar Allah. Wa ya koya miki?"

Ta ji Yaya ya juya ya nufi mota.

"Babana ne ya koya mini."

"Madalla. Ya iya aiki. Yana raye?"

Hawaye suka zubo mata. Baba ya dubi fuskarta, ya ga hawayen, ya sunkuyar da kai irin na dattijon da ya gane ya taɓo wa mutum ciwo ba da niyya ba.

"Ayya. Ki yi haƙuri, ban sani ba. Allah ya jiƙansa."

Yana tsaye yana jiran amsa, domin mutum ne da bai taɓa son a bar addu'a a ƙasa ba.

"Amin," in ji Auta.